Tsakanin Kujerar Mahaifina da Injin Mahaifinku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni mahaifiyarku ce nake wannan rubutu da hannuna, hankalina yana jikina, ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya raɗa mini abin da zan ce. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, likita kuma ya daina kallon idona idan yana magana a kan zuciyata, na san abin da hakan yake nufi. Amma kaina garau yake. Shi likitan da limamin unguwarmu za su sa hannu a ƙasa su shaida haka.

Ku uku nake wa magana: kai Babba, da kake riƙe da maɗaba'ar mahaifinku, ke Malama, da kike koyarwa a jami'a, da ke Auta, ma'aikaciyar jinya, wadda kike kwana a ƙasa kusa da gadona.

Na ɗaya. Ba wanda yake bina bashi, ni ma ba na bin kowa. A yi mini sutura da wuri, ba jiran kowa. Kada a tsaya a kan gawata ana jero sarautar ubana ko ta kakana. Abin da na bari na dukiya, Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa. Inda nake da baki shi ne sulusi, zan zo kansa.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni barci, ba ciwon ba. Tun da kawunku ya rasu kujerar sarautar gidanmu take babu kowa. Ɗansa guda yana ƙasar waje, ya ce shi ba ya so, a sayar da tsohon gidan ma a huta. Dattawa suka zo wurinka, Babba, ka amsa musu. Sarauta kuwa ba ta zama a hannu wofi, shi ya sa ka fara kai masu saye suna zagaya maɗaba'a suna auna bango. Ke kuma Malama kika hau jarida kika rubuta cewa sarauta kaska ce a jikin al'umma, ƙasa ba za ta miƙe ba sai an daina durƙusa wa jini an koma girmama gumi. Ba ki kira sunan wanki ba, amma har mai gadin maɗaba'a ya gane da wa kike.

Sai kuka zo falona kuka ƙarasa. Ina zaune da matashi a bayana kika ce masa, “Ka gaji da tawada a farce ne, kana son a riƙa zube maka.” Shi kuma ya ce, “Daga yau kada ki sake taka ƙofar gidana, ke da 'ya'yanki.” Tun ranar kuka raba lokacin zuwa duba ni kamar masu aikin karɓa-karɓa. 'Ya'yanku da suke tafiya makaranta a mota ɗaya, yanzu kowa da tasa. 'Yar Babba ƙarama ta hau gadona ta tambaye ni, “Kaka, mu ma mun yi faɗa da su ne?”

Kuna gardamar nan kamar ku kuka ƙirƙiro ta. To ku saurara, ni a cikinta na yi rayuwata, domin a gidan sarauta aka haife ni, a gidan mai sana'a na tsufa.

A gidan mahaifina akwai wani dogon benci a zaure, katakonsa ya yi santsi saboda zama. Kafin rana ta ɗaga ya cika: mai rigimar iyakar gona, matar da miji ya gudu ya bari, baƙon da aka sace wa jaka a tasha. Ba a taɓa ɗora tukunya don mu kaɗai ba. Na ga ranar da jami'an hukuma suka zo da motocin rusau za su share unguwar bakin kogi. Mutanen unguwar sun yi ta kai kuka ofis, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Mahaifina ya sa aka ɗauko kujerarsa aka ajiye a tsakiyar hanya, ya zauna a kai. Direbobin suka kashe inji. Unguwar tana nan har yau. Wannan, Malama, ba ki sa shi a rubutunki ba.

Amma a gidan nan dai na ga dattijo mai furfura ya zube a gaban kawunku, lokacin kawun naku ko goge hancinsa bai iya ba. Na ga an ba unguwarmu gurbi ɗaya na karatu mai zurfi, ɗan wani maƙeri ya fi kowa ƙoƙari a jarrabawa, aka ba kawunku gurbin, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, har shi maƙerin ya zo yin murna. Yaron nan na sha ganinsa daga baya yana dako a tasha, yana yi wa direbobi lissafi da ka. Kuma na ga 'yan koren mahaifina suna shiga kasuwa su ɗebi abin da suke so da sunansa. Wannan, Babba, dattawan da suka zo maka ba za su gaya maka ba.

Mahaifinku kuwa ɗan kafinta ne. A makarantar yamma ya koyi karatu, ya koyi jera haruffa a wurin wani, ya tara ya sayi tsohon inji mai ƙara kamar jirgin ƙasa. Ni nake ɗinka littattafan a ɗakin baya, da allura da zare da tukunyar gam. Mutum ne da idan ya ce ka zo ranar kaza aikinka ya gama, to ya gama. Ba ya cin abinci ranar albashi sai ma'aikaci na ƙarshe ya karɓi nasa. Ba ya durƙusa wa kowa, kuma idan ka durƙusa masa sai ya ce, “Tashi, wani abu ka yar?” Duk mai neman aiki shafi ɗaya yake ba shi ya jera, idan ya iya an ɗauke shi, ko ɗan wane ne. A hannunsa na fara ganin ɗan talaka ya zama shugaban ɗan mai kuɗi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Sai dai shi ɗin ne ɗan 'yar uwarsa ya zo, maraya, ya kasa jera shafin, ya sallame shi kamar kowa. Uwar ta zo tana kuka, ya ce mata maɗaba'a ba gidan marayu ba ce. Shi ne ya fara sa wa gidanmu ƙofar ƙarfe da ƙararrawa, baƙo sai da sanarwa. Da muka koma wannan unguwar ta likitoci da akantoci da injiniyoyi, kowa ya ja katangarsa ya sa mata waya. Kun tuna maƙwabcinmu tsohon akanta, mai shuka furanni? A ɗakinsa ya mutu shi kaɗai, wari ne ya sanar da mu. Dukanmu mutanen kirki ne a layin nan, muna biyan haraji, ba ma zubar da shara a titi. A unguwar mahaifina, inda ake danne haƙƙin ɗan maƙeri, tsoho ba zai yi wuni guda ba a leƙa shi ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarinsa ba, ko da yake kun ji gutsattsarinsa a bakin dangi. 'Yan kasuwa sun gaji da kuɗin da 'yan koren mahaifina suke tatsa a wurinsu, suka rubuta takardar koke. Duk masu buga takardu na gari suka ƙi taɓa ta, suka kawo wa mahaifinku. Na roƙe shi ya ba ni dama in je in sami mahaifina tukuna. Ya ce, “Aiki aka kawo mini, kuma abin da ke ciki gaskiya ne.” Ya buga. Takarda ta bazu. Mahaifina ya aiko cewa daga ni har mijina kada wanda ya sake shiga gidansa.

A cikin wannan ne mahaifiyata ta kwanta ciwo. Na tafi ƙofar gidan, kai Babba ina riƙe da hannunka, ke Malama kina cikina. Mai tsaron ƙofar tsoho ne da ya goye ni ina yarinya. Ya tsaya a bakin ƙofa hawaye na bin gemunsa, ya ce, “Ki yi mini rai, uwar ɗakina, an hana ni.” Na koma na sake dawowa, na sake dawowa, amsa ɗaya. Rasuwarta a bakin wani mai kawo aiki na ji ta, ina cikin ɗinkin littafi, ya yi mini ta'aziyya yana zaton na sani.

An daina karɓar kuɗin kasuwar, gaskiya ne, kuma mahaifinku ne sila. Bayan shekaru shi da mahaifina suka haɗu a asibiti wajen duba wani, suka yi musabaha, aka ce an shirya. Babu wanda ya juyo ya ce mini sannu. Kowannensu ya koma ga Allah yana ganin shi ne a kan daidai, mai yiwuwa kuma kowanne yana da rabonsa na gaskiya. Amma ni ce ban ga fuskar uwata ba. Shi ya sa da na ji kalmar “kada ki sake taka ƙofar gidana” a falona, daga bakin ɗan da na riƙe wa hannu a waccan ƙofar, sai da na ji zuciyar nan ta tsaya ta sake tashi.

Na uku, kai Babba. Ba zan hana ka sarauta ba, kuma ba zan ce idan ka karɓa ban yafe ba, domin na ga abin da irin wannan kalma take yi wa gida. Amma ni na haife ka, na san inda ke yi maka ƙaiƙayi. Na tuna ranar wani taro a gidan kawunku, kana saurayi, aka shigar da 'ya'yan gida ciki, kai aka zaunar da kai tare da direbobi, wani ya ce ai ɗan mai tawada ne. Ka dawo ba ka ci abinci ba. Ina tsoron wannan ranar kake son ramawa. Idan haka ne, ka sani kujera ba ta warkar da irin wannan miki, sai dai ta sa ka nemi wanda za ka zaunar da direbobi. Na lura tun yanzu ka rage saurin tafiya, ka fara magana ƙasa-ƙasa sai an matso, tela ya fi ni ganinka. Ba a naɗa ka ba tukuna, ɗana.

Idan don mutanen bencin nan kake so, to ka karɓa da sharaɗi uku daga uwarka. Kada ka sayar da abin da ke ciyar da mutane don ka sayi abin da za a riƙa yi maka kirari da shi. Kada ka bar wanda ya girme ka ya zube a gabanka. Kuma kada ka ajiye 'yan kore. Duk wanda zai ci da sunanka, ya ci da aikin da ka ba shi. Idan dattawa suka ce sarauta ba ta yiwuwa a haka, to ka gane ba kai suke so ba, maɗaba'ar suke so.

Na huɗu, ke Malama. Na sa Auta ta karanta mini rubutunki har sau biyu, kuma da yawa daga cikinsa gaskiya ne, alƙalamin ubanki ne a hannunki. Amma bari in tambaye ki. Matar da take miki aikin gida tun haihuwar ɗanki na fari, kin san sunan garinsu? Kin taɓa zuwa duba ta da ta kwanta? Kina biyanta a kan lokaci, na sani, daga nan kuma kin gama da ita. Kuma na ga yadda fuskarki take canjawa idan aka kira ki a taro aka manta ba a ce Dakta ba. Wannan ma sarauta ce, 'yata, hular ce kawai ta bambanta. 'Ya'yanki suna makarantar da ɗan mai aikinki ko ƙofarta ba zai leƙa ba, su za su gaji kujerun ofis, sannan su ce guminsu ne. Ɗan maƙerin nan har yanzu ana danne shi, yanzu dai da takarda ake yi, ba da kirari ba.

Kin rubuta cewa hukuma ce ya kamata ta ɗauki nauyin marasa ƙarfi, ba wani mai kujera ba. Na yarda. Amma kafin ki sake rubuta haka, ki ɗauki tsohuwa guda ki raka ta ofishin, ki zauna da ita a layi har a kira ta. Kada ki rushe rumfa alhali ba ki kafa wata ba, mutane ne a ƙarƙashinta. Ban ce ki janye ra'ayinki ba. Kalmar tawada a farce ita nake so ki janye, domin da tawadar nan aka biya miki karatun da kike zagin wanki da shi.

Ga abin da yake damuna da zamaninku, ku duka biyun. Ina ganin masu kuɗi suna sayen sarauta su ɗauki girman kanta su bar ɗawainiyarta, ba benci a ƙofarsu sai karnuka. Ina ganin masu ilimi sun ɗauki rowar mahaifinku da ƙofarsa ta ƙarfe, sun bar riƙon alkawarinsa. Talaka ya tashi babu tsuntsu babu tarko: ba mai zama masa a tsakiyar hanya, ba kuma mai ba shi shafi ya gwada iyawarsa. Ban san yadda za a gyara wannan ba. Na yi ta juya shi a kan gadon nan ban ga bakin zaren ba, kuma ba na jin zan gan shi.

Na biyar, maɗaba'a. Ba mu raba ta ba tun rasuwar mahaifinku, ina da kasona a ciki. Daga kason nan, gwargwadon abin da sulusi ya ɗauka, na mayar da shi wakafi: a riƙa ɗaukar yaran da ba su da kowa ana koya musu aiki, kuma wanda ya kasa a gwajin farko a sake ba shi dama. Sauran naku ne, ba ni da ikon hana ku sayarwa. Roƙo nake yi. Akwai magidanta a wurin da suka shigo da ƙuruciyarsu suka yi furfura a gaban injin. Wanda ya zo auna bango ba su ya zo saya ba.

Na shida, Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ta makance, tana ɗakin ƙarshe na tsohon gidan, tare da sauran tsofaffin da suka ƙare ƙarfinsu a hidimar gidan ba su da inda za su. Na yi wa kawunku alkawari a kanta kafin ya cika. Ko an sayar da gidan ko ba a sayar ba, ko Babba ya hau kujera ko bai hau ba, waɗannan mutane suna wuyanku ku biyu. Ba na son a aika musu da saƙo ta hannun direba. Ku je da ƙafarku. Gadona da katifata da keken guragun nan a kai wa Gwaggo, idan kun amince.

Na bakwai, Auta. Ku manya kuna ta gardamar yadda za a gina al'umma, ita ce take juya ni, take wanke ni, take zubar da abin da ba na so in rubuta sunansa. Ta taso daga aikin asibiti ta shiga wani. Ta ɗaga aurenta saboda ni, mutumin kuma yana ta haƙuri. Kun mayar da ita 'yar aike, wannan ya ce gaya wa yayarki, waccan ta ce gaya wa wanki, ta dawo ta shiga banɗaki ta yi kukanta tana zaton ba na ji. Daga yau na sauke mata wannan aikin. Mai magana ya faɗa da bakinsa. Ina roƙonku ku bar ta a gidan nan har ta tare a nata, kuma ku tsaya mata a aurenta ku biyu, Babba a matsayin uba, Malama a matsayina. Allurata da wuƙar yankan takarda da sauran kayan ɗinkina, ita ta roƙa, ku bar mata.

Na takwas, jikokina. Ba su san sarauta ba, ba su san jarida ba. A mayar da su mota ɗaya. Duk abin da zai faru tsakaninku, gidan kowannenku gidansu ne, su shiga su buɗe tukunya ba tare da sallama ta biyu ba.

Ku ci gaba da gardamarku idan kuna so, ba laifi ba ne wa da ƙanwa su saɓa a ra'ayi. Ku yi ta a kan tabarma ɗaya, kwano ɗaya a tsakaninku, wanda ya gaji ya tashi ya wanke hannu. Babba, kai ne bango, idan ka tsage kowa zai shigo. Malama, harshenki kaifi gare shi, ki riƙa duba wanda ke gabanki kafin ki zare shi. Na yafe muku abin da kuka yi mini da wanda kuka sani da wanda ba ku sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku fi mu adalci, ya sa ku fi mu tausayi. Allah ya jiƙan mahaifina da mahaifinku, ya haɗa ni da mahaifiyata.

Abu na ƙarshe. An saba sai mutum ya tafi ake buɗe wasiyyarsa, lokacin da ba zai ji abin da aka ce ba. Ni ban yarda da haka ba. Na ce wa liman da zarar sun sa hannu ya kira ku ya ba kowa tasa, domin ina so in ji amsarku da kunnena. Ina ɗakina, a gefen taga, Auta ta ajiye kujeru biyu. Ku zo tare. Idan kuka iso kuka tarar na riga ku, ku zauna a kansu duk da haka.

Mahaifiyarku.